Tauraron ɗan'adam mai isar da bayanai

Tauraron ɗan'adam mai isar da bayanai wani nau'in tauraron sadarwa ne da galibi ake ajiyewa a tsayin kimanin kilomita 35,786 a saitin ikwaita, domin ya karɓi saƙo daga kumbunan da ke kewaya duniya a ƙasa da shi ya miƙa wa tashar ƙasa, ya kuma ɗauko umarni daga tashar ya kai musu. Da kumbuna da sauran taurari yake hulɗa. Nan ya sha bamban da taurarin talabijin da farantan kan rufin gidajen Kano suke fuskanta, ko da yake a falaki ɗaya suke zaune.

Yadda yake aiki

A wannan tsayi tauraro kan gama zagaye ɗaya cikin awa 23 da minti 56, daidai da juyawar duniya, don haka daga ƙasa ana ganinsa kamar an kafe shi wuri ɗaya; wannan ne ake kira falakin tsaye. Kumbon da ke kusa da duniya ba haka yake ba. Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke sama da kimanin kilomita 400, tana zagaye duniya cikin minti 90 ko ɗan fiye. Ta bayyana a saman tashar ƙasa, kafin minti goma ta wuce, doron duniya ya tare ta. Tauraron da ke can sama kuwa yana hangen kumbon da tashar a lokaci guda, kamar wanda ya hau Dutsen Dala yana ganin mutum biyu da katangu suka raba. Taurari uku da aka rarraba a kewayen ikwaita sun isa su riƙe kumbon kusan ko'ina ya shiga. Ana amfani da zangon rediyo na S da Ku da Ka, wasu sabbin kuma da hasken leza. Nisan yakan jawo jinkiri na kusan rubu'in daƙiƙa, kuma ƙuryar arewa da ta kudu ta duniya ba sa ganuwa sosai daga wannan falaki.

Zamanin tashoshin ƙasa da tashar Kano

Kafin zuwan waɗannan taurari, hanya ɗaya ce: a jera tashoshi a faɗin duniya, wannan ta saki kumbo waccan ta karɓa. Hukumar NASA ta Amurka ta kafa tashoshi 18 don Mercury, shirinta na farko na aika mutum sararin samaniya, har da jiragen ruwa biyu. Biyu suna Afirka, ɗaya a Kano ɗaya a Zanzibar. An ƙulla yarjejeniyar tashar Kano wajen ƙarshen 1960, Nijeriya na sabuwar samun 'yancin kai, kuma an zaɓi wurin ne saboda kumbon da ya tashi daga Florida yakan ƙetare Tekun Atlantika ya ratsa ta saman Afirka ta Yamma.

Ranar 20 ga Fabrairu 1962, ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya zagaye duniya sau uku a kumbon Friendship 7. A zagayen farko ya shaida wa ma'aikatan Kano cewa yana hangen ƙura ta turnuƙe, suka amsa masa cewa iska ta yi ƙarfi a wannan makon. Lokacin hunturu ne, babu abin mamaki ga mutumin Kano. Minti kaɗan ya yi a cikin zangon tashar ya wuce gabas. Tashar ta ci gaba da aiki a shirin Gemini da ya biyo bayan Mercury, an kuma rufe ta wajen 1966, lokacin da shirin ya ƙare.

Wannan tsari yana cin kuɗi, ga shi ya dogara da yardar ƙasashen da suka ba da fili. Tashar Zanzibar ta fuskanci zanga-zanga tun ana gina ta, inda masu adawa suka yi zargin ta soja ce, Amurka ta musanta. An rufe ta bayan juyin juya halin 1964. Duk da yawan tashoshin, NASA ta ƙiyasta cewa kumbon da ke kusa da duniya ba ya samun magana da ƙasa sai a kimanin kashi 15 cikin 100 na zagayensa.

Marubucin Birtaniya Arthur C. Clarke ya bayyana amfanin falakin tsaye wajen sadarwa tun 1945. A watan Agusta 1963 Shugaba Kennedy na Amurka ya yi waya da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hannun jirgin ruwan Kingsport da ke tashar Legas. Syncom 3 na 1964 ne farkon da ya tsaya cak a saitin ikwaita. A 1975 tauraron ATS-6 ya isar da hoto da murya daga haɗuwar kumbunan Apollo na Amurka da Soyuz na Tarayyar Sobiyet.

Tsarin TDRS

TDRS shi ne tsarin taurarin isar da bayanai na NASA. An harba na farko, TDRS-1, ranar 4 ga Afrilu 1983 a cikin kumbon Challenger. Rokar da za ta ƙarasa da shi ta samu matsala ta bar shi a ƙasa da inda ake so, sai injiniyoyi suka riƙa tura shi kaɗan-kaɗan da ƙananan injinansa har ya isa bayan kusan wata uku. Na biyu ya tarwatse tare da Challenger ranar 28 ga Janairu 1986. Na uku ya tashi a Satumba 1988. Da biyu suka kama aiki tare, lokacin magana ya haura zuwa kimanin kashi 85, aka rufe tashoshin ƙasa da dama. Babbar tashar tsarin tana White Sands a jihar New Mexico. Daga baya aka ƙara ta tsibirin Guam don cike giɓin da ya rage a saman Tekun Indiya. An ƙera taurarin TDRS 13, na ƙarshe ya tashi a Agusta 2017. Madubin hangen nesa na Hubble da Tashar Sararin Samaniya duk ta nan suke aiko da bayanai.

Sauran ƙasashe

Tarayyar Sobiyet ta fara harba taurarin Luch a 1985, aka yi amfani da su a tasharta ta sararin samaniya mai suna Mir. Turai ta harba Artemis a 2001, wanda ya karɓi bayanai ta leza daga tauraron SPOT-4 na Faransa, sannan tsarin EDRS ya biyo baya a 2016 da 2019 da gudun gigabit 1.8 a daƙiƙa. Japan ta harba Kodama a 2002, Sin kuma Tianlian na farko a 2008.

NigComSat-1R na Nijeriya, wanda aka harba a Disamba 2011, yana falakin tsaye, amma na sadarwa ne tsakanin wurare a ƙasa.

Halin da ake ciki

NASA ta daina ƙera sabbin TDRS, tana shirin sayen wannan hidima daga kamfanoni masu zaman kansu. A 2022 ta ƙulla yarjejeniyar gwaji da shida daga cikinsu.