Hanyoyin yawon ƙafa a bakin madatsun ruwa da dazuzzukan Jihar Katsina

Hanyoyin yawon ƙafa a Jihar Katsina su ne turbobi da burtalai da ke bin gefen madatsun ruwa, da fadamu, da gandun daji, waɗanda mutum zai iya kaiwa gare su da motar haya daga birnin Katsina ko daga Daura. Ba hukuma ce ta shata su don masu yawon buɗe ido ba, kuma ba a kafa musu alluna ba. Masunta ne da makiyaya da masu noman rani da mata masu itace suka taka su shekara da shekaru har suka zama hanya. Jihar ba ta da babban tafki na asali, don haka yawancin ruwan da ake zagayawa na madatsu ne da aka gina daga shekarun 1970 zuwa gaba, don ruwan sha da ban ruwa.

Madatsun ruwa

Mafi kusa da birni ita ce madatsar Ajiwa, a Ƙaramar Hukumar Batagarawa, wadda aka gina a shekarun 1970 kuma ta daɗe tana shayar da birnin Katsina. Mutum zai iya fita bayan sallar asuba, ya yi yawonsa, ya dawo gida kafin azahar. Turbar tana ratsa lambunan tumatir da albasa da latas da kabeji, ta fita zuwa inda masunta ke ɗaure kwalekwale.

Zobe ce babba. Tana Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma, a kan kogin Karaduwa, an kammala ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari. Bangonta na ƙasa ne, tsawonsa ya haura kilomita 2, kuma tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Bakin ruwan Zobe ba ya tsayawa wuri guda. A ƙarshen damina ruwa kan cika har ya shanye gonakin gefe, daga nan ya riƙa ja da baya a hankali, manoma na bin danshin da ya bari suna shuka. Turbar da aka bi a watan Nuwamba ba ita za a tarar a watan Maris ba, shi ya sa taswirar waya ba ta da amfani sosai a nan, sai tambayar mutanen wurin. Ƙasar Dutsin-Ma tana da manyan duwatsu da suka tsaya ɗaiɗai a fili, kuma wanda ya hau ɗaya da sassafe zai hangi gonaki da rugage har iyakar ganinsa. A bakin ruwa ana ganin belbela da zalɓe da kirinjijiya, a kan sami karfasa da tarwaɗa a hannun masunta da suka fito da safe. Abin takaici ne a ce ruwa mai wannan girma ya shafe shekaru masu yawa ba a ci moriyarsa yadda aka tsara ba, kuma har yanzu mutane da yawa a cikin birni sun san sunansa ne kawai.

Madatsar Jibiya tana kan kogin Gada, daf da iyakar Nijar, ita ma ta noman rani ce. A shiyyar Daura akwai Sabke da Daberam, a kudu kuma akwai Mairuwa da Gwaigwaye wajen Funtuwa.

Dazuzzuka

Daji mafi suna a jihar shi ne Rugu, wanda ya miƙe ta yamma, ya taɓa Safana da Batsari da Ɗanmusa, ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. A da wurin kiwo ne da farauta da neman magani. Yanzu maɓoyar 'yan bindiga ce, kuma ba wurin yawo ba ne ga kowa. Satar ɗaliban makarantar sakandare ta Ƙanƙara a watan Disamban 2020 ta nuna wa duniya halin da yankin ke ciki. A 2021 gwamnatin jihar ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na wani lokaci. Matsalar ta shafi ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi da Jibiya, saboda haka ko Zobe da Jibiya ba a zuwa sai an tabbatar da lafiyar hanya a ranar.

Wanda ke son tafiya cikin inuwar itatuwa gara ya fuskanci gabas da arewa maso gabas, wato ƙasar Daura, da Mai'aduwa, da Zango, da Sandamu, da Baure. Dajin can ba mai duhu ba ne. Gonaki ne da aka bar wa gawo da kuka da tsamiya da aduwa da goruba, sai jerin bedi da aka dasa don tare iska da kwararowar hamada. Yawancin waɗannan shingayen itatuwa sun samo asali ne daga shirin dashen itatuwa da Tarayyar Turai ta tallafa wa tun ƙarshen shekarun 1980, sannan Katsina tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da ke cikin shirin shingen itatuwa na Afirka da aka amince da shi a 2007. Gawo ya cancanci a tsaya a dube shi: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, don haka gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, matafiyi kuma ya sami inuwa a lokacin da sauran itatuwa suka bushe.

Sufuri

Motocin hukumar sufuri ta jiha, KTSTA, da ƙananan motocin tasha suna zirga-zirga kullum tsakanin Katsina da Daura, tafiyar kimanin kilomita 80, da kuma Katsina da Dutsin-Ma, wadda hanyarta ke fita ta Ƙofar Ƙwaya ta wuce Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kurfi. Motar tasha ba ta da ƙayyadadden lokaci, sai ta cika take tashi, kuma ta fi saurin cika da safe ko ranar kasuwa, kamar Lahadi a Mai'aduwa. Babu motar da ke kai mutum bakin ruwa. Daga gari sai a hau acaba ko kurkura, kuma ya kamata a yi ciniki da direban ya dawo ɗauka, a karɓi lambarsa, domin motoci kan yi wuya bayan la'asar.

Lokaci da ladubba

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa, ko da yake ƙurar hunturu kan rufe hange. A bazara zafi kan haura digiri 40, a damina kuma turbobi kan yi laka, amfanin gona ya rufe hanya. Da kaka ƙarangiya ce ke damun mai tafiya, kuma takalmi rufaffe ya zama dole saboda ƙaya da kububuwa. Ba a shan ruwan madatsa, kuma wanka a ciki na iya jawo tsargiya, ban da haɗarin nutsewa a wuraren da ƙasa ta zurma.

Baƙo kan fara gaida mai unguwa ko sarkin ruwa, ya faɗi abin da ya kawo shi, galibi a haɗa shi da yaron da zai nuna masa hanya, shi kuma ya yi masa alheri. A wannan zamani na zargi, baƙon da aka gani yana zagaye gari bai yi sallama da kowa ba zai iya jawo wa kansa fitina. Hawa bangon madatsa ko ɗaukar hoto kusa da injinan ruwa na buƙatar izinin masu gadi. Ba a ratsa lambu, ba a tsinkar abin da wani ya shuka, kuma idan garke ya shigo burtali, mai ƙafa ne ke raɓewa ya ba shanu hanya.