Sanƙarau: wanda aka ɓoye a ɗaki ba ya shiga ƙidaya

Hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe Damagaram tun daga Birni har Zango, kowa na fama da bushewar hanci da kaushin maƙogwaro. Mu ma'aikatan lafiya wannan ne lokacin da barcinmu ke raguwa, don daga yanzu har ruwan farko ya sauka sanƙarau na iya ɓulla ko'ina. Ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta kwantar da su ba. Idan iska ta busar da fatar ciki ta tsattsage, sai ta samu ƙofar shiga jini, ta haura zuwa rufin ƙwaƙwalwa. Tari da atishawa da cunkoson kwana ɗaki guda ke kai ta daga wannan zuwa wancan.

Ba mu manta ba. Tsakanin Nuwamba 2022 da ƙarshen Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jiharmu, 18 suka rasu. Dungas ce ta fi jin jiki, amma Magarya da Matamaye da Mirya da cikin gari ma ba su tsira ba. Ƙwayar sanƙarau iri-iri ce: nau'in C ne ya yi wannan ɓarna, alhali allurar rigakafi ta MenAfriVac da aka soma a ƙasar nan a 2010 nau'in A take karewa. Shi ya sa wanda ya ce "ai an taɓa yi mini" bai gama magana ba.

Kowane mako, kowace CSI, wato ƙaramar likitar unguwa ko ƙauye, tana aika adadin waɗanda ake zargi zuwa gunduma, gunduma ta tura jiha, jiha ta tura Yamai. Idan aka samu mutum 3 cikin 100,000 a mako guda, an shiga faɗakarwa. Idan ya kai 10, annoba ce, sai a nemo allura a yi wa jama'ar yankin. To ku duba: yaron da aka ajiye a ɗaki ana ba shi jiƙo, ko aka sayo masa ƙwayoyi wajen mai tebur, bai shiga wannan lissafi ba. A takarda garinku lafiya lau yake, alhali ana ta zaman makoki. Allurar da za ta kare ƴaƴan maƙwabta sai ta makara.

Ban hana kowa addu'a ko rubutu ba, ni ma ina sha. Amma a sha shi a kan hanyar likita, don cutar nan tana iya kashe mutum cikin kwana guda.

Ga alamun sanƙarau: zazzaɓi mai zafi da ya faɗo farat ɗaya, ciwon kai kamar zai tsage, wuya ya sandare har haɓa ta kasa taɓa ƙirji, amai, gudun haske, ruɗewa ko jijjiga. Jariri ba zai ce kansa na ciwo ba. Uwa ta shafa maɗigarsa, in ta kumbura, ga ƙin nono, ga kuka mai tsini ko jiki ya saki, kada ta jira maigida ya dawo daga kasuwar Dole.

Na san abin da ke tsorata iyaye: ɗiban ruwan ƙashin baya. Sau nawa aka ce mini allurar ce ke nakasa yaro! Cutar ce ke barin kurumta da raunin gaɓoɓi idan an makara, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi suna zama da wani tabo. Ruwan nan kaɗan ake ɗiba, a kai shi cibiyar gwaje-gwaje ta CERMES a Yamai, a gane nau'in ƙwayar, a san irin allurar da za a kawo. Shi kuwa marar lafiya ba ya jiran sakamako, nan take ake soma masa ceftriaxone, maganin da ke kashe ƙwayar.

Masu unguwa, limamai, malaman tsangaya da almajiranku ke kwana a cunkushe, ku riƙe lambar ma'aikacin lafiyar unguwarku. Ko mutum ɗaya kuka gani da waɗannan alamu, ko kuka ji an yi rasuwar gaggawa bayan zazzaɓi, ku kira shi ranar. Ku bar tagogin ɗakin kwana da ɗan buɗi ko da sanyi, kuma ranar da masu allura suka zo, a fito da katin kowane yaro.