Shin faffaɗar salansa tana ƙara wa a-kori-kura ƙarfi?

An daɗe ana cewa idan aka faɗaɗa bututun salansa, ko aka cire tukunyar rage ƙara, mota za ta ƙara ja. Ba abin mamaki ba ne a yarda, domin kunne yana ɗaukar ruri a matsayin ƙarfi.

Hayaƙi yana fita ne bugu-bugu, kowane bugu yana jawo na bayansa. Idan bututu ya yi faɗi da yawa, saurin hayaƙin sai ya ragu, injin fetur marar turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) ya rasa ƙarfin tashi, wato daidai abin da motar kaya ke buƙata a hawa. Injin mai silinda 4, lita 2.7, bututu mai faɗin inci 2.25 zuwa 2.5 ya ishe shi. Inci 3 sai dizal mai turbo, shi kam yana son hanya a buɗe.

Aikin walda ma abin dubawa ne. Lanƙwasar da ta motse tana cinye faɗin da aka saya. Huda kuma a bututun, kafin hayaƙi ya kai na'urar auna iskar oksijin, tana sa kwamfutar mota ta ƙara mai ba dalili. Baƙin toka a bakin mahaɗa shi ne alamarta.

Kowa zai iya gwadawa. Hanya ɗaya, kaya iri ɗaya, a giya ta 3: a auna daƙiƙoƙin da mota ke ɗauka daga gudun kilomita 40 zuwa 80 a awa, kafin canji da bayansa. A lissafa man da ta sha daga cika tanki zuwa cikawa.

Don Allah a tura wa direbobi da kanikawa.