Manhajar rubuta kiɗa a Linux: amsa ɗaya ga kowa, kada a sake tambaya

Wace zan saka?
MuseScore. Kyauta ce, ba wanda zai karɓi ko dala a hannunka.

Sibelius fa, ko Finale?
Sibelius da Dorico, wasu manhajojin rubuta kiɗa, ba su da ta Linux. Finale kuwa masu ita sun daina sayar da ita tun 2024. Idan tsofaffin waƙoƙinku na koral suna ciki, a fitar da su a MusicXML, tsarin fayil ɗin da manhajojin kiɗa ke musaya da shi, MuseScore za ta buɗe, sai dai a sake gyara tazarar layuka.

Na sauko da ita, na danna, shiru.
Malam, AppImage ce, wato manhaja a fayil guda, sai ka ba ta izinin aiki a tagar rubuta umarni (Terminal): `chmod +x` da sunan fayil ɗin. Idan Ubuntu 22.04 gare ka, saka libfuse2. Wannan sau nawa za a faɗa?

Kwamfutata tsohuwa ce.
Kwantar da hankalinka, ɗauki MuseScore 3.6.2, ta fi 4 sauƙin nauyi. Amma abin da aka ajiye da 4 ba ya buɗuwa a 3, don haka ku daidaita da abokan aikinku tun farko. Kuma a Maradi, inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, wanda bai saba da ajiye aiki da Ctrl+S ba shi ya so.

Ina do, re, mi?
MuseScore haruffa take ganewa: C ne do, G ne sol. Wanda ya nace sai do-re-mi, ga wata manhajar, LilyPond, can, a rubuce ake shigar da komai, da `\language "italiano"` a sama. Bugunta a takarda ya fi kyau, koyonta ya fi wuya. A haɗa da Frescobaldi, manhajar da ke sauƙaƙa rubuta LilyPond.

Yaya zan rubuta kalangu da goge?
To, nan ne maganar take. Layuka biyar ɗin nan da ake rubuta nota a kansu an yi su ne don kiɗan Turai, shi kuwa mai kalangu matse tsirkiya yake yi a hammata, sautin ya hau ya sauka yana bin karin magana. Ba inda za ka ce ga notarsa daidai. Abin da ya fi, a ganina, ka rage layukan zuwa 3 a saitin layin a MuseScore: sama, tsakiya, ƙasa, ka ja layin zamewa inda sautin ya gangara. Goge ya ɗan fi sauƙi, ko da yake shi ma ya danganta da mai gogen da yadda ya ɗaure izgarsa ranar. Rubuta nota mafi kusa, sannan a 3.6 ka ɗaga ta ko ka sauke da santi, ma'aunin tazarar sauti: santi 100 ne tsakanin mi da fa, 50 rabinsa. A LilyPond da haruffa, `cih` do ce da aka ɗaga rabin wannan tazara. Duk da haka kada ka yarda da abin da lasifika ta maimaita maka, sautin da ke cikin manhajar na goge na Turai ne. Ɗauki makaɗin a waya, ka ajiye muryar tare da takardar, domin wanda bai taɓa jin kiɗan ba takarda kaɗai ba za ta kai shi ba.

ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sun fito daban da sauran haruffa.
Laifin salon haruffan ne. A MuseScore shiga Format, Style, ka mai da rubutun baitoci zuwa Charis SIL ko Noto Serif, na layukan mara da na cika duka. Ctrl+L ke buɗe rubutun, karan ɗori "-" ke raba gaɓa. Duba PDF ɗin da idonka kafin ka kai wa mai fotokwafi.