Ma'anar Kwarjinin Taro da Yadda Yake Kama Ɗalibi a Gaban Aji

Idan aka ce taro ya yi wa mutum kwarjini, ana nufin ya miƙe zai yi magana a gaban jama'a, sai idanun da suka zubo masa suka yi masa nauyi, har abin da ya sani sarai ya ɓace masa. Kusan kowane malami a makarantun ƙauyukanmu na Kano da Jigawa ya san wannan hali. Za a ce wa yaro ya fito gaban allo ya karanta 'yan layuka, ko ya warware lissafin da ya riga ya yi daidai a littafinsa, sai ya taso yana jan ƙafa, muryarsa ta kama rawa, yawun bakinsa ya ƙafe, tafin hannunsa ya jiƙe da gumi. Wasu sukan kira abin fargaba, wasu tsoron taro, amma duk ana nufin tsoron da ke kama mutum saboda ya san ana kallonsa kuma ana auna shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yi wa wannan hali fassara biyu waɗanda duka kuskure ne. Idan namiji ne ya yi shiru, sai a ce daƙiƙi ne, ko bai yi karatu ba. Idan mace ce, sai a ce kunya gare ta, har ma a yaba mata. Alhali kunya ɗabi'a ce da mutum yake riƙewa da saninsa, kamar yadda yaro yake sassauta murya a gaban mahaifinsa ko ya durƙusa ya gaida dattijo, kuma mai kunya yana iya faɗin abin da ke bakinsa cikin ladabi idan an tambaye shi. Wanda taro ya yi wa kwarjini kuwa so yake ya yi magana, amsar tana cikin kansa, jikinsa ne ya ƙi ba shi haɗin kai. Yarinyar da ta kasa ɗaga murya a aji ita ce da yamma take jan waƙar gaɗa a dandali, ita ce kuma take ciniki da manyan mutane ranar kasuwa ba tare da lissafi ya rikice mata ba. Ke nan ba murya ta rasa ba, ba kuma basira ba.

Abin da ke faruwa a jiki sananne ne ga masana. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango abin da ta ɗauka haɗari ne, sai ta aika saƙo ga wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su saki wani sinadari da ake kira adirenalin cikin jini. Nan take bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya zama gajere, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki, aikin narkar da abinci ya lafa, shi ya sa baki yake bushewa, ciki kuma ya riƙa juyawa. Wani masanin aikin jiki ɗan Amurka, Walter Cannon, ya yi bayanin wannan shiri tun a 1915, inda ya nuna cewa jiki yana ɗaura ɗamarar faɗa ne ko gudu. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta cika bambanta haɗarin da ke barazana ga rai da haɗarin jin kunya a idon tsara ba. Ɗalibin da ke tsaye gaban allo ba zai yi faɗa ba, ba kuma zai gudu ba, don haka ƙarfin da jiki ya tara sai ya fito ta rawar hannu da karkarwar gwiwa. Wannan ba alamar ragwantaka ba ce, kuma yakan lafa da kansa idan mutum ya daure ya wuce farkon maganarsa.

A 1965 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Robert Zajonc ya fito da wani bayani da ya kamata kowane malami ya sani. Ya ce kasancewar masu kallo tana ƙara wa mutum ƙwazo a aikin da ya riga ya zauna masa, amma tana dagula masa aikin da bai gama ƙwarewa a kai ba. Duk wanda ya tashi kusa da tsangaya ya ga gaskiyar wannan. Almajiri yana biya allonsa da ƙarfi tun yana kolo, a tsakiyar 'yan'uwansa, safe da dare, ya kawo hadda gaban malam, a gyara masa, ya koma ya sake. Kafin ranar saukarsa ya riga ya ji muryarsa a cikin mutane sau ba adadi. Shi ya sa ake ganin yara ƙanana daga ƙauyuka suna zama gaban alƙalai da lasifika a musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a matakin ƙasa a 1986, suna karatu muryarsu ba ta ko girgiza. Ba a haife su da dakewa ba, tilawa ce ta gina musu ita.

A makarantar boko labarin yakan sha bamban. Shekaru da yawa tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi a koyar da yaro da harshen gida a shekaru uku na farko na firamare, sannan a koma Turanci daga aji huɗu. Yaron ƙauye kuwa ba ya jin Turanci a gida, ko a gona, ko a masallaci, sai a bakin malami. Idan aka tsayar da shi ya yi bayani da Turanci, an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, wato neman kalma da jure idon aji. Sai ya furta wata kalma a karkace, ajin ya fashe da dariya, a wajen tara ma a laƙaba masa kalmar ta zama sunansa. Idan aka ƙara da tsawa ko bulala, yaron ya koyi darasi ɗaya tak, cewa shiru ya fi masa aminci. Daga nan zai koma bencin baya, ya riƙa sunkuyar da kai duk sa'ad da malam ya ɗago ido, kuma yana iya kaiwa ƙarshen ƙaramar sakandare bai taɓa ɗaga hannu ba.

Maganin kwarjinin taro shi ne sabo, amma sabon da aka hau mataki-mataki. Ɗalibi ya fara da faɗin abin da zai faɗa da babbar murya, domin karantawa a zuci ba ta horar da harshe. Ya faɗa wa ƙanensa a tsakar gida, ko abokinsa a hanyar ɗebo ruwa, sannan ya faɗa gaban mutum uku ko huɗu, kafin ya tunkari aji. Ya fahimci maganar da Hausa tukuna, ta yadda ko Turancin ya kuɓuce masa ma'anar tana hannunsa. Jimlar farko kuwa ya haddace ta tsaf, domin a nan ne fargaba ta fi ƙarfi. Manya ma haka ake horar da su. A kwalejojin ilimi irin na Gumel da Bichi da Kumbotso, kafin a tura ɗalibi koyon aikin koyarwa, sai ya gabatar da ɗan gajeren darasi gaban 'yan ajinsa, a yi masa gyara, ya sake. Wannan dabara ta samo asali ne daga Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963.

Idan lokacin ya zo, ɗalibi ya tsaya da ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya ja numfashi ta hanci, ya sake shi a hankali fiye da yadda ya ja shi, domin doguwar fitar da numfashi tana rage gudun zuciya. Kada ya yi gaggawa, kuma idan ya manta wani abu ya ɗan dakata ya duba takardarsa. Yana da amfani ya san cewa abin da yake ji a ƙirjinsa bai fito fili yadda yake zato ba. Wani bincike da Kenneth Savitsky da Thomas Gilovich suka wallafa a 2003 ya nuna masu jawabi suna ɗaukar fargabarsu ta bayyana fiye da yadda masu sauraro suke gani, kuma waɗanda aka sanar da su haka tun farko sun fi yin jawabi mai kyau. Iyaye da yawa sukan koya wa 'ya'yansu addu'ar Annabi Musa, Alaihissalam, da ke cikin Suratu Ɗaha daga aya ta 25 zuwa ta 28, inda ya roƙi Ubangijinsa ya buɗa masa ƙirjinsa, ya sauƙaƙe masa al'amarinsa, ya warware ƙullin harshensa domin a fahimci maganarsa. Yaron da ya san cewa Annabi ma ya nemi taimako kafin ya tunkari fadar Fir'auna zai daina ganin kansa a matsayin mai aibu.

Duk da haka, rabin aikin yana hannun malami. Shi ne zai kafa doka tun ranar farko cewa ba a yi wa mai magana dariya a ajinsa, ya kuma tsaya a kanta. Zai iya barin mai fargaba ya fara amsawa daga zaune, wani makon ya miƙe a wurinsa, daga baya ya fito gaba tare da abokinsa, sai can a gwada shi a muhawara ko a taron safe. Idan yarinya ta yi tuntuɓe a tsakiyar jimla, kalma irin "Ci gaba, 'yata, muna jin ki" ta fi gyaran nahawu amfani a wannan lokaci, gyaran yana iya jira har ta gama. Mai in'ina kuma a ba shi lokaci, kada a ƙarasa masa magana, domin in'ina daban take da kwarjinin taro ko da yake tsoro yana tsananta ta.

Akwai samarin da ake ruɗa da cewa ƙwaya irin tiramol tana cire tsoron jama'a. Wannan hanya ce ta halaka, kuma wajibi ne malamai su faɗa musu haka ƙarara. Idan kuwa tsoron ya kai ga yaro yana ƙin zuwa makaranta, ko yana amai da ciwon ciki duk ranar da zai yi magana, ko ya daina shiga cikin tsaransa har tsawon watanni, to abin ya wuce kwarjinin taro na yau da kullum. Sai iyaye su zauna da shugaban makaranta, su kuma kai yaron asibiti mafi kusa, inda za a duba shi ko a tura su wajen likitan da ya ƙware a lafiyar ƙwaƙwalwa.