Jerin gwanon kekuna da babura: ina doka ta yarda, ina take kamu?

Duk lokacin da kuɗin fetur ya tashi ko aka ƙara haraji, magana biyu kan yi yawo a tashoshin 'yan kabu-kabu da zaurukan WhatsApp na Sakkwato. Wasu na cewa in mutum biyar suka jera kekuna ko babura a titi don nuna ɓacin rai, sun riga sun karya doka, sai in suna riƙe da takardar izinin kwamishinan 'yan sanda. Wasu kuma na cewa tunda tsarin mulki ya ba da 'yancin taro, ko an rufe shataletalen Runjin Sambo tun safe har azahar ba mai ikon taɓa kowa. Duka biyun ba haka doka ta ce ba, kuma ta biyun ce ta fi kai yaran mutane kurkuku.

Batun izini kotu ta daɗe da raba gardama a kansa. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa damar taruwa da wasu. Akwai dokar kiyaye zaman lafiyar jama'a ta 1979 da ta ce a nemi lasisi kafin taro, da ita 'yan sanda suka fake suka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano a 2003 da hayaƙi mai sa hawaye. Jam'iyyar da wasu takwarorinta suka kai ƙara, a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa tilasta neman izinin 'yan sanda ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ƙara da nata a sashe na 83: idan aka sanar da su za a yi gangami ko jerin gwano a kan titi, aikinsu shi ne su turo jami'ai su ba da tsaro. Mai keke da mai babur da mai Keke Napep da mai tafiya a ƙasa duk hukuncinsu ɗaya a nan.

Don haka abin da ake kai wa ofishin 'yan sanda sanarwa ce. A rubuta rana da lokaci, inda za a tashi, titunan da za a bi, inda za a watse, kimanin yawan mutane da sunayen masu shiryawa. A kai kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a ɗaya, a riƙe shi a aljihun wanda zai kasance a gaban jeri.

Inda ake faɗawa rami shi ne sashe na 45 na tsarin mulki, wanda ya yarda a taƙaita wannan 'yanci don tsaron jama'a da kare haƙƙin wasu. A nan Final Kod, kundin hukunta laifuka da jihohin Arewa suka gada, ke shigowa. A wurinsa haramtaccen taro shi ne na mutum biyar ko fiye da suka haɗu a kan manufa ɗaya mara kyau: tsorata hukuma da ƙarfi, hana zartar da doka, ɓarna, ko tilasta wa wani barin abin da yake da haƙƙin yi. Daga nan jita-jitar "mutum biyar" ta samo asali, an ɗauki adadin an yar da sharaɗin. Mutum dubu na iya tuƙa keke daga Mabera zuwa Gawon Nama ba su yi laifi ba. Mutum shida da suka gitta babura a mahaɗa suka ce ba motar da za ta wuce sun shiga cikin ma'anar, domin direban nan yana da haƙƙin wucewa. Dokar ta kuma faɗa a fili cewa taron da ya fara da halal yana iya komawa haramtacce daga baya, cikin minti biyar ma.

A asalin kundin, zama cikin haramtaccen taro ɗaurinsa na kaiwa shekara 1. In aka yi amfani da ƙarfi ya zama tarzoma, shekara 3. In da makami mai iya kisa a hannu, shekara 5, kuma gora ko wuƙar da aka saba ɗaurawa a ƙugu za ta iya shiga wannan lissafi. Sashen da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ya ce laifin da mutum ɗaya ya aikata don cika manufar taron yana hawa kan duk wanda ke cikin taron a lokacin. Wani ya fasa gilashin mota a gaba, yaron da ke can baya yana jan kekensa ya tsinci kansa a takardar tuhuma ɗaya da shi. Wannan ya yi tsauri, kuma an ga inda irin kamun jimla ke kaiwa a Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da ƙananan yara a Abuja bayan zanga-zangar Agusta, wasu suka yanke jiki suka faɗi a kotu, kafin a janye tuhumar.

Jerin kekuna yana da wata matsala tasa ta daban. Tsawonsa ya fi na masu tafiya a ƙasa, fitilar hanya ko ɗan sandan da ke ba da hannu kan raba shi biyu, sai wasu su tsaya su toshe hanyoyin gefe har kowa ya wuce. Masu jerin gwanon kekuna na Critical Mass, wanda ya faro a San Faransisko ta Amurka a 1992, sun daɗe suna haka, kuma a kansa suke yawan samun saɓani da direbobi da hukuma. A Niyok an kama sama da 250 a Agustan 2004, a Landan an kama 182 a daren buɗe gasar Olamfik ta 2012. Tare mahaɗa aikin mai kaki ne, shi ya sa sanarwa take da amfani. A riƙe hannu ɗaya na titi a bar ɗaya, a kasa jeri rukuni-rukuni, a kauce wa hanyar Asibitin Koyarwa da ta Asibitin Ƙwararru, a buɗe wa motar marasa lafiya da masu ɗauke da gawa nan take. In jami'i ya ba da umarnin watsewa a watse, ko da ana ganin bai kyauta ba, a kai maganar kotu. In kuwa an sa dokar hana fita, kamar ta awa 24 da aka sa a birnin nan a Mayun 2022, takardar sanarwa ba ta kare wanda ya fito.

Wanda aka kama yana da kariyar sashe na 35 na tsarin mulki. Yana iya yin shiru har ya ga lauya, dole a ba shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, wanda a cikin garin Sakkwato ba a rasa ba. Belin ofishin 'yan sanda kyauta ne, kuma an hana kama uba ko ƙane a madadin wanda ake nema. Ya nemi a rubuta keke ko babur da wayar da aka karɓa a hannunsa, da lambar inji da ta jiki, kada ya sa hannu a jawabin da ba a karanta masa da Hausa ba. Iyalin da ba su da kuɗin lauya su nufi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke jihar tun a ranar farko.