Kwaɓin dangwale mai zaƙi wanda ba a sa wa sukari ba

Kwaɓin dangwale mai zaƙi haɗi ne mai kauri da ake zubawa a ƙaramin kwano, a riƙa dangwala yankan ƴaƴan itace, ko masa, ko gasasshen dankali ana ci bayan abinci ko lokacin buɗa-baki. A Turai da Amurka galibi da kirim, cakulan da garin sukari ake yin sa. Wanda ake magana a kai a nan babu sukarin kanti a cikinsa ko kaɗan. Zaƙinsa daga dabino yake fitowa, ko nunannen mangwaro, ko ayaba, jikinsa kuwa kindirmo ne ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Duk kayan ana samun su a Babbar Kasuwar Yamai, da Katako, da kasuwar Tawa.

Dalilin barin sukari

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini, kuma in an sauko ƙasa da kashi 5 ya fi. Kashi 5 ɗin nan wajen giram 25 ne ga babban mutum, ƙaramin cokali shida ke nan. Hukumar ta sa zuma da tataccen ruwan ƴaƴan itace cikin wannan lissafi, don haka wanda ya cire sukari ya zuba zuma bai kauce wa komai ba: fiye da kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne. A 2023 kuma ta ba da shawarar kada a dogara da sinadaran zaƙi na roba don rage ƙiba.

Shi ma dabino ba a ce ba shi da sukari ba. A giram 100 na busasshen dabino akwai sukari fiye da giram 60. Abin da ya raba shi da na kanti shi ne yana zuwa da harza, wato zare-zaren abinci da ciki ba ya narkarwa, wajen giram 7 zuwa 8, kuma idan ya haɗu da maiƙo da furotin na kindirmo ko gyaɗa, ya fi riƙe ciki, ba ya kuma shiga jini da gaggawa irin ta lemon kwalba. Amfanin kwaɓin yana ga awo. In aka tuttula dabino ba ma'auni, an koma gidan jiya.

Markaɗen dabino

Shi ne tushen yawancin kwaɓin, shi ya sa ya cancanci a tsaya a kansa. Dabinon Ingal, da na Bilma da Jado, da mai laushi da ake kawowa daga Aljeriya duk suna yi, sai dai lokacin jiƙonsu ya bambanta. A tsaga kowane ɗaya a cire ƙwallo, a duba ciki sosai, domin busasshen dabino yakan ɓoye tsutsa ko baƙin gari na ƙwari, kuma ɗaya tak ya isa ya ɓata ɗanɗanon kwano guda. A wanke giram 200, a zuba masa ruwan zafi mililita 150, a rufe. Mai laushi minti 20 ya ishe shi. Busasshe mai ƙarfi, irin wanda ake ji ƙwas in an ciza, yana son awa biyu ko fiye. In ya jiƙu, zai murtsuke tsakanin yatsu ba wani ƙullutu. Sai a markaɗa shi tare da ruwan jiƙon, a inji ko a turmi mai tsabta wanda ba a daka yaji a cikinsa ba, a tura ta rariya don ɓawon ya tsaya. Babban cokali ɗaya na wannan markaɗe yana ɗauke da sukari wajen giram 7.

Na kindirmo

Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba dabino kai tsaye cikin kindirmo. Sakamakon abin sha ne, ba ya kama jikin yankan kankana. Dole a tsane shi tukuna: a shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya, a zuba lita ɗaya, a ɗora bisa kwano a sa a firigo awa huɗu zuwa shida. Kusan rabi zai fita a ruwa, abin da ya rage kuma cokali zai tsaya a cikinsa. A giram 250 na tsanannen kindirmo a sa babban cokali uku na markaɗen dabino, ɗan gishiri a tsinin yatsu, da rubu'in ƙaramin cokali na garin kirfa ko citta. Gishirin na fito da zaƙi, ƙamshin kuma na sa harshe ya ji kamar zaƙin ya fi haka. Wannan ya ishi mutum biyar, kowa da sukari wajen giram 6.

A lura da irin nonon da aka saya. Yawancin yawur na leda an riga an zuba masa sukari a masana'anta, nonon da aka tsarma da ruwa kuwa ba ya yin kauri ko an tsane shi. Mafi aminci shi ne a tafasa madara a gida, a bari ta huce, a kwantar da ita da ɗan kindirmo mai kyau.

In lokaci ya ƙure, babban cokali ɗaya na tankaɗaɗɗen garin ƴaƴan kuka, farin nan mai tsami, ba na ganyen miya ba, zai kaurara kindirmon cikin minti goma. Yana da bitamin C da yawa, amma tsaminsa na cinye zaƙi, kada a wuce hakan.

Na gyaɗa da kakawo

A samo markaɗaɗɗiyar soyayyiyar gyaɗa, wadda ake sayarwa a Yamai da sunan tigadege, babban cokali huɗu, da markaɗen dabino cokali uku, da garin kakawo tsantsa cokali ɗaya. Garin shayi na gwangwani mai launin cakulan ba shi ba ne. In aka duba jerin kayan haɗinsa, sau da yawa sukari ne a kan gaba. A dama kakawon da ruwan ɗumi cokali biyu kafin a haɗa, in ba haka ba zai yi gudaji. Da zarar ruwa ya taɓa gyaɗar za ta ƙanƙame ta yi tauri, mai ya fara tsattsafowa. Ba lalacewa ta yi ba. A ci gaba da ƙara ruwan ɗumi ko madara cokali-cokali ana juyawa har ta saki ta yi sulɓi. Gyaɗar da ta yi hunhuna ko take ɗaci a zubar da ita, saboda gubar afulatoksin da ke lahanta hanta, wadda suya ba ta kashe ta.

Na ƴaƴan itace

Daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da mangwaro ya cika kasuwa, tsokar babban mangwaro ɗaya marar zare ta isa ta zaƙaƙa giram 200 na kindirmo ba tare da dabino ba. Ayaba sai wadda ɓawonta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, a matsa mata lemon tsami don kada ta yi duhu. Ɗanyar abarba da gwanda a dangwala su kawai, kada a markaɗa su ciki: suna da sinadarin da ke narka furotin na madara, bayan ƴan awoyi kwaɓin ya tsinke ya yi ɗaci.

Ajiya da masu lalura

Na kindirmo yana kwana uku a firigo cikin rufaffen mazubi, markaɗen dabino kuma mako guda. A waje kada ya wuce awa biyu, a zafin bazarar Yamai da Tawa da ke haura digiri 40 kuwa awa ɗaya. In wuta ta ɗauke tsawon yini har firigo ya huce, na madara ya tashi daga aiki. A riƙa ɗiba a ƙaramin kwano, ragowar da aka dangwala kada a mayar cikin babban mazubi. Mai ciwon sukari ya lissafa kwaɓin da ƴaƴan itacen da ya ci da shi cikin abincinsa na yini bisa shawarar likitansa. Wanda gyaɗa ke tayar wa da borin jini ya tsaya ga na kindirmo, jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuma ba a ba shi duk wani haɗi mai zuma.